Shagon Tsantsi

A gidan Baba Sallau Tsantsi, can cikin Kwaciri, yabo ba abin so ba ne. Duk yaron da ya zo koyon dambe yakan gane haka tun bai daɗe ba. Idan tsohon ya zage ka, ya ce tsayuwarka kamar ta agwagwa, to ka gode wa Allah, yana da niyya a kanka. Idan kuwa ya ce maka, "Madalla, babu gyara," sai ka fara neman takalmanka. Da wannan kalma ya sallami ɗan wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari da ya zo koyon dambe don 'yan mata su gani, da ita kuma ya sallami wasu da dama, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

A zamaninsa Baba Sallau ɗan damben Kudu ne, ɓangaren da ke karawa da 'yan Arewa, an ce naushi zamewa yake yi a jikinsa, shi ya sa makaɗa suka laƙaba masa Tsantsi. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, inuwar mutum kawai yake gani, amma bai daina koyarwa ba. Kullum bayan la'asar, in ba ranar wasa ba ce, yara sukan taru a filin bayan gidansa, a naɗe hannu da tsumma da soso maimakon igiya, a haɗa su biyu-biyu su yi gwaji. Dokar gwajin guda ɗaya ce: ka nemi ƙofa a jikin ɗan'uwanka, wato inda yake barin kansa a buɗe, in ka same ta ka buga, ban da tausayi. In an gama, kowa ya zo ya durƙusa gaban bencin tsohon, shi kuma ya bi fuskarsa da yatsu. Inda ya ji kumburi nan ƙofar take, daga nan gyara zai fara. Da haka yake ganin damben yaransa tun da idanun suka gaza.

Babba a cikin yaran shi ne Abdulrauf, mahauci ɗan mahauta, mai teburin nama a kasuwar Sabon Gari. Kakansa ya yi dambe, ubansa ya taɓa, shi kuma ya ɗauke shi kamar gadon gida. Shekaru ke nan gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa a gwaji ba, kuma in ka manta da hakan shi zai tuna maka. Abu ɗaya yake jira a duniya. A al'adar dambe, in tsohon ɗan wasa ya yarda da yaro sai ya ba shi sunansa, a riƙa kiransa shagon wane, makaɗa su yi masa take da sunan. Baba Sallau bai taɓa ba kowa nasa ba. Abdulrauf kuwa ya daɗe da karɓa a zuciyarsa, har in yana sarar ƙashi a kan teburi yakan ji gatarin yana faɗin Shagon Tsantsi, Shagon Tsantsi.

Ana nan sai ga Tochukwu. Ɗan Nwabueze ne mai sayar da kayan janareta a Titin Faransa, a Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya girma yana leƙa gidan dambe ta katanga, rannan kawai ya wanko ƙafa ya zo Kwaciri ya ce shi ma koyo zai yi. Yara suka yi ta dariya, wani ya ce ai nan ba a gyaran janareta. Baba Sallau ya laluba kafaɗarsa da wuyan hannunsa, ya ce a naɗa masa tsumma, ya kuma ce Abdulrauf ya shiga da shi.

Ko numfashi Abdulrauf bai sake ba ya kwantar da shi. Abin da ya biyo baya shi ne mafarin ciwon. Yaron ya tashi yana kakkaɓe yashi, baki da jini, yana dariya, ya ce, "Yaya, me na yi ba daidai ba?" Babu abin da ya kai wannan ban haushi. Ka kashe mutum, wato ka kai shi ƙasa, maimakon ya yi fushi ko ya ji kunya, sai ya tsare ka da tambaya kamar ka ba shi kyauta.

Haka aka ci gaba. Kullum sai Tochukwu ya faɗi, kullum sai ya tashi da sabon kumburi, kullum kuma hannun Baba Sallau yana kan fuskarsa. Tsohon ya riƙe masa haɓa ya juya ta nan, ya juya ta can, ya zage shi tas, ya ce ko buhun gawayi ya fi shi iya kaucewa, sannan ya miƙe da kansa, da tsufansa da komai, ya kama masa ƙugu yana gyara masa tsayuwa. In Abdulrauf ya durƙusa kuwa, fuska sumul, yatsun sukan wuce ta kansa sau ɗaya, tsohon ya ce har yanzu yana buɗe baki in zai kai naushi, ya rufe shi kafin wani ya rufe masa. Shi ke nan rabonsa. Zagi ɗaya a rana, wani lokaci ma rabi, alhali ɗan Sabon Gari yana kwasar nasa da kwando.

Kishi ya kama Abdulrauf, irin wanda ba ya faɗuwa. Wa zai gaya wa cewa yana jin zafin ba a zaginsa sosai? Sai ya riƙa hucewa a kan yaron, ya ƙara nauyin hannu, ya nemi ƙofa ko ta allura ce ya buga. Amma duk ƙofar da ya buga yau, gobe Baba ya toshe ta. Bai ankara ba ya zama shi ne malamin, da hannunsa yake sassaƙa wanda zai ƙwace masa suna. Da damina ta zagayo, Tochukwu ya daina faɗuwa kullum. Da ta sake zagayowa, sai a yi turmi uku, zagaye uku ke nan, ba a samu kisa ba, har wata rana tsummansa ya shafi kunnen Abdulrauf, ya kwana yana jin ƙara.

Aka fara fita da yaron gidan dambe, ana haɗa shi da ƙananan 'yan Arewa. Jama'a kuma ka san su da son sabon abu. Ɗan Ibo a fili da igiya a hannu, yana kirari da Hausa tsantsa, ai sai wayoyi suka tashi sama. Kafin mako ya zagayo bidiyonsa ya cika gari, har masu sayen nama sukan tsaya gaban teburin Abdulrauf su nuna masa, su ce ashe ɗan gidanku ne. Shi da ya yi shekaru yana zubar da maza a filin nan, ba a taɓa tsayar da shi a hanya an nuna masa kansa a waya ba. Yakan yi murmushi ya ce ƙaninsa ne, ya sunkuya ya sare ƙashin da bai kamata a sara ba.

Ana saura makonni babbar Sallah, Baba Sallau ya tara su bayan gwaji. Ya ce hasken da ya rage masa kaɗan ne, yana so ya ji makaɗa sun kira sunansa a kan wani tun yana iya ganin inuwar mai shi. Ya ce a babban wasan bayan Sallah, ranar da manyan Arewa za su sauka, Abdulrauf da Tochukwu za su fita, kowa da nasa abokin karo, wanda ya tsaya da ƙafarsa a cikinsu shi ne Shagon Tsantsi. Wani yaro mai rawar kai ya tambaya, to in duk sun tsaya fa? Tsohon ya ce in duk sun tsaya shi ya san yadda zai yi. Abdulrauf ma ya san yadda tsohon zai yi, ai ya ga fuskar da hannunsa yake kwana a kai.

Washegari da safe Veronica, mahaifiyar Tochukwu, ta zo teburinsa. Tana da gidan abinci a Sabon Gari, a wurinsa take sayen kayan ciki da ƙafar sa tun kafin ɗanta ya san hanyar Kwaciri. Bayan ya zuba mata a leda sai ta tsaya ba ta tafi ba. Ta ce ita ba ta taɓa son wannan wasa ba, uban yaron ma ya yi faɗa har ya gaji, amma tun da ya nace ba yadda za su yi.

"Abdul, ɗana, kai ne babba," in ji ta. "Kullum sai na dafa ruwa na gasa masa fuska. Don Allah ka riƙa sassauta masa, ƙaninka ne."

Ya ce, "To, Mama," don dai ta tafi. A ransa har dariya ta ba shi. Matar ba ta san cewa a gidan Baba Sallau sassauci shi ne mugunta ba.

Da yamma aka haɗa su kamar kullum. Kwanakin nan Baba yana ta fama da Tochukwu a kan ya kula da ƙafafunsa, don 'yan Arewa akwai shuri. Suna zagaya juna, Abdulrauf ya ɗan ɗaga ƙafa kamar zai kai shuri, don dai ya gwada shi. Sai ya ga abu. Idon yaron ya faɗa ƙasa yana bin ƙafar, hannun garkuwarsa, wanda ake tare naushi da shi, ya sauka zuwa ƙirji, haɓarsa ta fito fili fayau. Ƙofa ce sabuwa, tsoron shurin ne ya haife ta, kuma faɗinta ya kai a shiga da amalanke.

Hannun Abdulrauf ya riga ya tashi da kansa, don ya saba. A tsakiyar hanya ya riƙe shi. Ya karkatar da naushin ya sauka a kafaɗa, ya ja da baya. Maganar Veronica ce ta faɗo masa a daidai lokacin, ta zo masa da wata fuska dabam. In ya buga haɓar nan yau, da magariba yatsun Baba za su same ta, kafin Sallah an toshe ta. In kuwa bai buga ba, babu mai bugawa. Sauran yaran ƙanana ne, ba mai idon ganinta, tsohon kuma sai abin da yatsu suka gaya masa.

Daga ranar Abdulrauf bai sake ɗaga wa Tochukwu ƙafa a gwaji ba. Yana bugunsa a haƙarƙari, yana bugunsa a kafaɗa da goshi, da ƙarfi yadda kunnen Baba zai ji ƙara ya gamsu, amma haɓa ya bar ta kamar ajiya. Wani lokaci har yakan bari tsumman yaron ya same shi, yara su yi sowa. Unguwa ta ɗauka cewa Abdulrauf ya girma, ya zama babban yaya mai haƙuri. Veronica ta fara aiko masa da farfesu a kula. Tochukwu kuwa sai ƙara manne masa yake yi, in ya rufe shagon ubansa ya biyo ta kasuwa ya taya shi wanke teburi, su ratsa Titin Ibrahim Taiwo tare a babur, yana ta zuba a bayansa, yana cewa in ma Yaya aka ba sunan shi zai fara ɗaga masa hannu. Abdulrauf yakan ƙara wa babur wuta. Yana son yaron, wannan gaskiya ce, amma ya fi son sunan, kuma da ya tuna hannun tsohon a kan fuskar nan sai zuciyarsa ta sake bushewa.

Ana jibi wasa, bayan kowa ya watse, Baba Sallau ya ce Abdulrauf ya tsaya. Tsohon na zaune yana murza carbi. Ya ce kwanakin nan yana bin fuskar yaron ba ya samun komai a sama da wuya sai goshi, abin yana ba shi mamaki, don bai taɓa ganin ɗan dambe marar ƙofa ba.

"Kai ne idona a filin nan," in ji shi. "Ka ga wani abu a jikinsa da ni ban ji ba?"

Rabon da tsohon ya tsayar da shi su biyu, ya nemi shawararsa, har ya manta. Yau ya tsayar da shi, kuma a kan ɗan Sabon Gari ne. Da a ce tambayar a kansa ce, da a ce ma ya haɗa da shi ko da kalma ɗaya, wataƙila da ya faɗa.

Abdulrauf ya ce, "Babu gyara, Baba."

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryar, ya ce to alhamdulillahi, ya je ya huta.

Ranar wasa gidan dambe ya cika har kan katanga. Masu rake da masu ruwan leda suna kutsawa, kalangu na tashi ta ɓangaren Kudu, na Arewa suna amsawa. 'Yan Titin Faransa sun rufe shaguna sun zo kallon nasu, Nwabueze da ya rantse ba zai taɓa taka wurin ba yana zaune a gaba da hularsa. Aka zaunar da Baba Sallau a kujera kusa da makaɗa, shi ya ɗaure wa yaransa biyu igiya da hannunsa, yana tofa addu'a.

Abdulrauf ne ya fara fita. Aka haɗa shi da wani dogo mai faɗin ƙirji, bai bari an kai turmi na biyu ba ya aika shi ƙasa, kwab ɗaya. Aka ɗaga shi sama, aka yi ta liƙi, amma idonsa na kan kujerar tsohon. Baba ya gyaɗa kai kawai, ya ce a gaya masa har yanzu bakinsa a buɗe yake.

Sai aka kira Tochukwu. Abokin karonsa wani bahago ne daga wajen Gusau, gajere, marar hayaniya, irin waɗanda suka ci ƙasa da yawa kafin su koyi tsayuwa. Turmin farko yaron ya yi kyau, har ya sa bahagon ya yi taga-taga, 'yan Sabon Gari suka miƙe tsaye. Kafin alƙali ya raba su bahagon ya ɗan motsa ƙafa sau ɗaya, bai yi komai ba, ya koma gefensa yana kurkure baki. Abdulrauf ya ga motsin, ya kuma gane bahagon ya ga ƙofar. Tsakaninsa da Tochukwu bai fi a miƙa hannu ba, yaron yana shan ruwa yana masa murmushi, kalma huɗu ta isa: kar ka kalli ƙasa. Daidai nan makaɗi ya sunkuya wajen Baba yana tambayar yadda za a yi take in duk biyun sun tsaya, Abdulrauf ya ji tsohon yana dariya, irin dariyar da bai taɓa yi a kan nasararsa ba. Abdulrauf ya karɓi robar ruwan daga hannun yaron, ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya ba da sa'a.

A turmi na biyu bahagon ya ɗaga ƙafa. Idon Tochukwu ya bi ta, garkuwa ta sauka, hagun ta shigo da igiyarta. Ƙarar ta kai har bakin ƙofa. Yaron ya zube a yashi bai ko kare da hannu ba, wannan karon kuma bai tashi yana dariya ba. Aka yayyafa masa ruwa, aka ɗauke shi a hannu, ubansa na biye yana kiran sunansa, bakin ya karkace gefe guda.

Kamar yadda aka saba, wanda ya yi kisa ya zagayo ɓangaren Kudu don ya gai da manya. Bahagon ya durƙusa gaban Baba Sallau, ya ce tun yana yaro yake jin labarin Tsantsi, ya kuma ba da haƙuri, ya ce bai so abin ya yi muni haka ba. Mutum ne mai ladabi, ba da wata manufa ya ƙara maganar ba.

"Baba, yaron nan zai yi dambe, yana da zuciya. Amma ƙofar nan tasa, ko ɗan koyo zai gan ta. Da an ɗaga ƙafa sai ya saki haɓa. Ba shi da abokin gwaji ne a gida?"

Abdulrauf na tsaye a bayan kujerar, igiya ma bai kwance ba. Ya ga wuyan tsohon ya ƙage.

"Yana da shi," in ji Baba Sallau.

Bai juyo ba. Makaɗi ya sake matsowa, jama'ar Kudu sun san alkawarin da aka yi, suna jira. Abdulrauf ya sadaƙar cewa sunan ya tafi, har ya fara shirya abin da zai faɗa in an tone shi a gaban mutane. Amma Baba Sallau ba ya mayar da magana. Ya ce wanda ya tsaya da ƙafarsa, ga shi kuwa ya tsaya. Ya ɗaga yatsa, kalangu ya ɗauka, maroƙi ya kwarara: Shagon Tsantsi, ɗan mahauta, na Fagge. Aka sake ɗaga Abdulrauf sama, wayoyi suka haska shi ta ko'ina. Taken ya yi daɗi kamar yadda ya daɗe yana jin sa a sarar gatari, ya kuma ji daɗin, ƙarya ne a ce bai ji ba. Da aka sauke shi ya duba kujerar, an riga an kama hannun tsohon an fita da shi.

Muƙamuƙin Tochukwu ya karye, likitoci suka ɗaure shi da waya, sai kunu yake sha da tsinke. Abdulrauf ya yi ta jan ƙafa kafin ya je dubiya, da ya ga rashin zuwan zai fi jawo magana sai ya sayi lemo da ayaba ya tafi, ya manta mai karyayyen baki ba ya taunawa. Veronica ta tare shi a bakin ɗaki ta riƙe masa hannu biyu. Ta ce ita ta san ya ji maganarta, tun da ta roƙe shi ɗanta bai sake dawowa da kumburarren baki ba, waɗancan ne marasa imani. Ta ce dambe kuma ya ƙare, uban ya rantse, ita ma ta rantse. Tochukwu na kwance yana jin su. Ba ya iya magana, sai ya lalubo hannun Abdulrauf na dama, ya ɗaga shi sama kamar yadda ya yi alkawari a kan babur. Abdulrauf ya ce yana da nama a teburi ba mai tsaro, ya fita da sauri.

Bayan kwanaki aka koma gwaji a Kwaciri. Yara suna ta kiransa da sabon sunan, wasu har da rusunawa. Baba Sallau ya fito ya zauna a bencinsa kamar kullum, ya amsa gaisuwar kowa, har da tasa, bai canza murya ba. Bai yi zancen gidan dambe ba, bai yi zancen Tochukwu ba. Abdulrauf ya so a ce ya yi. Ya kwana biyu yana jiran zagin, ya tanadi haƙurin da zai bayar, har ya yarda in an ce ya je asibiti ya faɗa da bakinsa zai je, in dai tsohon zai kama haɓarsa ya zage shi tas.

Aka haɗa shi da wani matashi da bai daɗe da fara ƙarfi ba. Hankalin Abdulrauf na kan benci, ya kai naushi da baki a buɗe kamar yadda ya saba, matashin ya rufe ido ya wurgo hannu, tsumman ya same shi a leɓe. Haƙori ya datse naman, jini ya cika masa baki. Matashin ya tsorata ya fara ba da haƙuri. Abdulrauf kuwa wani sanyi ya ji a ransa. Ga ƙofar da tsohon ya yi shekaru yana faɗa, yau ta fito da shaidarta, leɓen har ya fara tashi.

Bai jira layi ba. Ya je ya durƙusa gaban benci, ya miƙa fuskarsa, ya matsa har gwiwarsa ta taɓa ƙafar tsohon, don ya san shi ne. Ya ce, "Baba, an same ni. A baki."

Hannayen Baba Sallau na kan cinyarsa, ɗaya riƙe da carbi. Bai ɗaga su ba. Ya fuskanci inda muryar take, da fararen idanunsa, ya yi magana a hankali yadda kowa a filin ya ji.

"Madalla, Shagon Tsantsi. Babu gyara."

Sannan ya miƙa hannu ta gefen kafaɗar Abdulrauf, ya lalubo fuskar matashin da ke tsaye a baya, ya jawo shi kusa, ya fara zaginsa a kan rufe ido.